Zobban Ƙarfe a Motar Talle

Tun da aka hana marasa rijiya kwana biyu a gari ɗaya, talakawa suka koma zama a mota. Talle mai walda ya samu tsohuwar motar soja a gwanjo, ya yanka mata taga, ya kafa murhu.

Matarsa Ladidi ta shiga shara, sai ta ga zobban ƙarfe jere a ƙasa, irin na ɗaure mutane.

"Malam, ka cire waɗannan."

"An hana," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Sojoji sun ce ranar da suka buƙaci motar, za su ɗauke ta da abin da ke ciki."

Ta shimfiɗa tabarma a kansu, ta kwantar da jaririnta. Ya yi ta mutsu-mutsu, ƙarfen yana tokarar bayansa.