Yaron Cikin Baho

Tun da mijinta ya rasu, Kaka ta dawo zama wurin ɗanta, a wani gidan sama da ba ta san kowa a cikinsa ba. Ɗan da matarsa ma'aikata ne, su fita da sassafe, sai duhu ya fara su dawo. Abokin hirarta ɗaya ne a duniya, jikanta jariri mai kumatu, wanda take tsokana da "Angona". Ba don renonsa ba, da tuni kaɗaici ya gama da ita, kuma ita ma ta san haka.

Ranar da ya koyi juyawa da kansa, ya mirgina daga kan tabarma ya buga goshi da ƙafar tebur. Ɗan ƙulu ne da bai taka kara ya karya ba. Amma da surukar ta dawo ta gani, sai fuskarta ta canza.

"Mama, in renon ya yi miki yawa ki faɗa mana. Akwai gidan renon yara kusa da wurin aikina."

"Haba 'yar nan, wane irin yawa? In sha Allahu ba za a sake ba."

Maganar ta tsaya mata a rai. In aka ɗauke mata yaron, da wa za ta wuni? Ga gwiwoyinta sun gaji, in ya fara rarrafe ba za ta iya bin sa lungu-lungu ba. Washegari ta jawo babban bahon wanki na roba, ta shimfiɗa bargo a ciki, ta tokare gefe da gefe da filo, ta zaunar da shi.

Dabarar ta yi mata daɗi. Babu faɗuwa, babu datti, babu tsintar abu a kai baki. A ciki yake ci, a ciki yake barci. In ya kama bakin bahon zai yunƙura, sai ta mayar da shi tana dariya.

"Zauna, Angona. Ina za ka ka bar amaryarka?"

Da farko yakan yi kuka yana harba ƙafa. A hankali ya haƙura, ya daina ko gwadawa.

Kullum da rana uwar takan bugo waya. "Ya ci abinci? Ya yi barci?" Kaka ta ce ya ci, ya yi. A nan tambayar take ƙarewa. Ran hutu kuwa daga hannun uba sai cinyar uwa, suna ta yabonsa, wai yaro mai haƙuri, inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Kaka ta riƙa jin daɗi kamar ita ake yabo.

Har ya haura shekara ana haka. Wata rana sabuwar maƙwabciya ta shigo aron ashana, 'yarta na biye da ita tana tafiya dagwai-dagwai. Yarinyar ta zo ta fizge abin wasan da ke hannunsa ta yi gaba. Shi kuwa hannu kawai ya miƙa, ya bi ta da ido.

"Watanta nawa?" in ji Kaka.

"Ai naki ya girme ta, Mama. Shi bai fara tsayuwa ba?"

"Nauyin jiki ne da shi, irin na ubansa."

Bayan sun fita Kaka ta daɗe tana kallon ƙafafun jikan nata. Sai dai tsoro ya rufe mata baki, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar awo ce ta tona asiri. Dukansu suka je asibiti. Likita ta kifa shi a kan shimfiɗa, ya ɗaga kai kaɗan ya mayar, ya fashe da kuka. Ta tsayar da shi, ƙafafun suka lanƙwashe. Aka yi gwaje-gwaje, ba a samu wata cuta ba.

"A ina yake wuni?" likitar ta tambaya.

Uban ya kalli matarsa, matar ta kalli Kaka. Sai a lokacin suka gane ba su san amsar ba. Kaka ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya.

"Jikinsa ne bai samu aiki ba," in ji likitar. "Zai yi tafiya da yardar Allah, amma sai an daɗe ana kawo shi gashin ƙashi, kuma zai sha wuya."

Babu wanda ya yi wa Kaka faɗa, kuma da an yi, da ya fi mata sauƙi. Da suka iso gida ɗanta ya durƙusa a gabanta.

"Inna, laifinmu ne duka. Daga gobe zai riƙa zuwa asibiti da safe, daga can a wuce da shi gidan reno. Ke ki huta."

Da safe ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta daɗe tana murza ƙananan ƙafafun nan tana neman gafararsu a zuci. Uwar ta saɓa shi a kafaɗa suka fita. Kaka ta tsaya bayan ƙofa tana jin kukansa yana sauka a matakala, har ya ɓace. Ta juyo ta zauna, ba ta da wanda za ta ce wa komai sai dare.

Iyaye da masu reno, kada tambayarmu ta tsaya a kan ci da barci. Kullum mu duba ko yaro ya samu fili a ƙasa ya kifa, ya mirgina, ya yi rarrafe muna kallonsa. Killace yaro don gudun ƙulu a goshi ba gata ba ne, cutarwa ce.