Dariyar Walƙiya

Hoto arba'in da biyu Maman Walƙiya ta ɗauka da wayarta tun safe, babu ko ɗaya na kirki. A wani kunne kawai ya fito, a wani tafin ƙafa, sauran kuwa sai ka ce hayaƙi ne ya gifta. Ai ba a banza aka laƙaba wa yarinyar wannan suna ba.

Uban yana aiki a jirgin ruwa, inda waya ba ta tsinana komai, kuma rabonsa da 'yarsa tun tana cikin tsumman goyo. Abu ɗaya ya roƙa, hotonta tana dariya da haƙoran nan biyu da ake ta ba shi labari. Abokin aikinsa da zai kai saƙon da yamma zai tashi. In aka rasa shi, sai bayan wata shida.

Jiya an gwada shagon hoto. Fitila na haskawa Walƙiya ta tsandara ihu, aka dawo gida da hoton maƙogwaro.

"Ki hau sama wajen Baba Mai Hoto mana," in ji maƙwabciya. "Duk yaran gidan nan shi ya ɗauke su."

Maman Walƙiya baƙuwa ce a gidan, ba ta san kowa ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta saɓi 'yarta ta hau bene.

Falon ɗan ƙarami ne, bangonsa cike da hotunan yara, kowanne baki har kunne. Tsohon yana zaune a bakin taga. Bayan gaisuwa ya ce, "Ina saurayin namu?"

"Mace ce, Baba," ta ce, ranta ya ɗan sosu, don ga kitso ga 'yan kunne.

"Af, ashe amaryata ce! Kawo ta."

Ganin ɗakin da ɗan duhu, sai ta danna makunnin fitila. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Kashe ta, 'yata. Yaro da hasken taga ake ɗaukarsa."

Ya yaye labule, ya dinga yawo da bayan hannunsa a iska har ya tsaya wuri guda. "Nan rana take." Matarsa ta shimfiɗa tabarma daidai nan, ta rataya farin zanen gado a bayan kujera. Shi kuma ya kafa ƙafafun kyamara a kan murafan kwalba uku da aka manna a daɓe, yana lalubo su da babban yatsan ƙafa. Sannan ya ja wata igiya mai ƙulle-ƙulle daga bakin kyamarar har kan hancin Walƙiya. Ita ko ta cafke igiyar ta kai baki.

Uwar ta dubi agogo. Ta shiga tafi tana tsalle, tana kiran sunan 'yar.

"Shiru," in ji Baba. "Ke ma zauna."

Ta zauna tana cizon yatsa. Abin haushi, tsohon ko leƙa kyamarar bai yi ba. Durƙusawa ya yi a gefenta, ya karkata kai, yatsansa a kan madanni. Ya yi kukan mage, Walƙiya ta yi banza da shi. Ya yi na akuya, ta taɓe baki za ta yi kuka. Uwar ta ce a ranta, shi ke nan, tsufa ya gama da bawan Allahn nan, ita kuma ta ɓata lokacinta.

Sai ya ƙirƙiro wata uwar atishawa, hularsa ta tuntsuro ƙasa.

Walƙiya ta yi tsit. Ta ja wani ɗan numfashi, kuma kafin dariyar ta gama ɓallewa, ƙyas! Sau ɗaya tak.

"An gama," ya ce, yana shafa daɓe yana neman hularsa. "Kafin yaro ya yi dariya sai ya ja numfashi. Nan ake kama shi. In kika jira kika gani, kin makara."

Ta karɓi kyamarar ba da wani sa rai ba. Ga Walƙiya nan, haske kwance a kuncinta, igiya a hannu, haƙora biyu farare tas. Hawaye ya cika mata ido, don ta san mijinta zai kwana yana kallon hoton nan.

"Baba, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba! Kai ma duba mana!"

Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Tsohon ya gyara zaman hularsa, ya juyo da kunnensa wajen uwar.

"Ke dai ki ba ni labarin yadda ta fito, 'yata. Shekara tara ke nan rabona da ganin ko tafin hannuna."