Ranar Da Goggo Ta Yi Shiru

Dogo kai magani yake yi a babur. Wani babban kantin magani ne ya ɗauke shi aiki, shi ke raba saƙo zuwa gidajen marasa lafiya da ƙananan asibitoci. Shekararsa tara a kan titi ko gwiwa bai taɓa gurjewa ba, kuma ba ya gajiya da faɗar hakan. Hannunsa na dama, mai riƙe totur da birkin gaba, shi ke ciyar da matarsa da 'ya'yansu uku.

Da yake kullum sabon adireshi ake ba shi, sai ya ɗaure wayarsa a kan babur, ya jona ta da 'yar igiya zuwa lasifikar da ke cikin hular kwanonsa. Taswirar wayar ce ke gaya masa hanya da muryar mace: miƙe, juya hagu, juya dama. Matarsa ta raɗa wa muryar suna Goggo, wai ba ta iya komai ba sai ba da umarni, kuma ita kaɗai ce macen da Dogo ke bi ba musu.

Wata rana Goggo ta fara ƙin magana. Za ta ce “juya” sai ta ɗauke wuta, ta bar shi a tsakiyar mararraba yana raba ido. Ya ƙure sauti, ya kashe wayar ya kunna, ya sayi sabuwar igiya, duk a banza. Can sai ya gano dabara: idan ya danna kan igiyar da babban yatsa, a daidai inda take shiga wayar, muryar na dawowa. Abin takaicin, ramin igiyar a gefen dama yake. Kowace dannawa sai hannun birki ya bar wurinsa, ido kuma ya sauka ƙasa.

Akwai mai gyaran waya a jikin kantin, kullum da safe suna gaisawa. Da ya ji labarin, ya ce ƙila datti ne ya cushe ramin, Dogo ya bar masa wayar ya duba. Dogo ya kalli jakarsa cike da magunguna, ya ce akwai masu jiransa a kwance, a bari sai gobe. Kada mu yi saurin zarginsa. Ba lalaci ba ne, tausayin masu jira ne. Amma goben nan sai da ta kai wata biyu.

Ranar da ya ɗauki matarsa zuwa duba mahaifiyarta, ta ƙirga da idonta: sau shida hannun ya bar birki kafin su isa. Tana sauka ta riƙe masa hannun riga.

“Maigida, don Allah ka kai wayar nan gyara. Ni ba Goggo nake ji ba, hannun nan nake ji.”

Ya yi dariya, ya ce shi da babur ai sun zama ɗaya, ko ido rufe zai kai ta gida. Ita ba ta yi dariya ba.

Wata Talata da hantsi aka ba shi allurar wani dattijo mai ciwon suga, a unguwar da bai taɓa shiga ba. Yana dab da shataletale Goggo ta yi shiru. Hanya huɗu a gabansa, bai san wacce zai bi ba. Ya saki birki, ya sunkuyar da kai, ya danna igiyar kamar yadda ya saba. A daidai lokacin tifar da ke gabansa ta tsaya cak don wata mata ta tsallaka. Da ya ɗago, hannunsa bai kai ga birki ba. Ya daki bayan tifar.

Waɗanda suka cire masa hula sun ce suna jin muryar a ciki, tana cewa ya juya dama.

Likitoci sun ceci ransa, amma jijiyoyin hannun sun tsinke. Hannun yana nan a jikinsa, sai dai yatsun ba sa dunƙulewa, ko cokali ba ya riƙewa. Kantin ya ɗauki wani direban, don marasa lafiya ba sa jira. Dogo ya koma zaman tabarma a tsakar gida, yana koyon saka maɓallin riga da hagu. Duk wanda ya san shi a kan babur, in ya gan shi sai zuciyarsa ta karye.

Wayar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Bayan an sallame shi, matarsa ta ɗauke ta ta kai wa mai gyara, don tana so ta san abin da ya ci musu hannu. Mai gyara ya ɗauki tsinke ya zura a ramin, ya zaro wani ɗan curin zare da ƙura wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ya hura, ya soka igiyar wata lasifika. Goggo ta yi magana tangaran. Bai iya haɗa ido da matar ba.

Ta dawo gida ta ajiye wayar a gefen tabarma, ta gaya wa mijinta abin da aka ciro. Dogo ya kalli hannunsa a kan cinya, ya tambaye ta.

“Minti nawa gyaran ya ɗauka?”

Hawaye ya zubo mata.

“Maigida, ko zama ban yi ba.”

Mai karatu, idan na'urarka ta samu matsala, gangara gefen titi ka tsaya ka duba, ko ka kai ta gyara tun yau. Kada ka gyara komai babur yana tafiya: hanyar da ka ɓata za ka iya juyowa ka same ta, hannun da ka rasa ba ya dawowa.