Kwalayen Saman Kanta

Da kuɗin keken ɗinkin matarsa Na-Kowa ya buɗe shagon kayan masarufi. Ita da kanta ta sayar da keken, ta damƙa masa kuɗin, ta ce, "Baban yara, ni da kai da yaran nan, a wannan shago za mu ci."

Ciniki kuwa ya buɗe, don mutum ne mai fara'a, shi ya sa ma sunan ya bi shi. Aibinsa ɗaya: akwatin kuɗin shago da aljihun rigarsa, a wurinsa duk ɗaya ne. Za a yi cefane, ya zura hannu. Ƙanensa ya zo da kukan waya ta lalace, ya zura hannu. Madara ta ƙare a gida, ya sauko da gwangwani biyu. Bai taɓa zama ya ware riba daga uwar kuɗi ba.

Maƙwabcinsa mai takalma ya sha yi masa magana. Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Haba, abokina! Kayana ne fa. Ka taɓa jin mutum ya yi wa kansa sata?"

Sannu a hankali saro ya riƙa raguwa, har kanta ta fara nuna haƙarƙari. Maimakon ya tsaya ya yi wa kansa faɗa, sai gogan ya ɓullo da dabara. Duk kwalin da ya ƙare, ya liƙe bakinsa ya mayar sama, ya jera su reras. In matarsa ta kawo masa abinci, takan ɗaga kai ta ce, "Masha Allah, shago sai cika yake." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa.

Wata rana tana shagon, sai ga mai ginin ya shigo, fuska ba annuri.

"Malam, haƙurina ya ƙare. Ko kuɗin haya yau, ko makullina."

Na-Kowa ya buɗe akwati, ba abin da ke ciki sai canji. Ya fara kame-kame.

"Ranka ya daɗe, ka kwantar da hankalinka," in ji matar. "Mai wannan kaya ai ba ya jin kunya. Baban yara, mu karyar da kwalayen madarar can, yanzu a sallame shi."

Kafin ya buɗe baki ta taka benci. Ta gyara tsayuwa, ta tattaro ƙarfinta don ɗaukar nauyi, ta jawo kwali. Saura kaɗan ta faɗi ta baya, don kwalin iska ce kawai a cikinsa. Ta taɓa na biyu, ta taɓa na uku. Har ƙarshen layi ta bi su, duk ba komai a ciki.

Ta sauko a hankali. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ta yi, hawaye na zuba, ta ce, "Da ka faɗa mini tun da sauran rabi, ai da na fanso kekena."

A ranar aka karɓe makulli. Abin da suka kwashe daga shagon, a baro ɗaya ya tafi. Yanzu Na-Kowa dako yake a bakin titi, ita kuma tana yi wa wata tela ɗinkin maɓalli, a biya ta abin da aka ga dama.

Jama'a, kuɗin sana'a daban, kuɗin gida daban. Ku yanka wa kanku abin kashewa daga riba, ku bar jari ya zauna, kuma in ya fara zaizayewa, kada ku ɓoye wa wanda kuke ci tare.