Bindigar Dahu Ta Daina Ci

Tsintsiya ce ta ture ta. Savi na sharar bayan ƙofa, bindigar babanta ta sulmiyo daga bango, kafin ta yi tunani har ta cafe ta da hannu biyu. Ta mayar da sauri, ta hau goge tafinta a jikin riga. A kan dutsen nan ko 'yar yaye ta san mace ba ta taɓa bindigar farauta. In ta taɓa, nama ya guje wa mai ita ke nan.

Ba wanda ya gani. Wata huɗu da rasuwar innarta, gidan daga ita sai babanta Dahu.

Ko sati biyu ba a yi ba abin ya fara. Dahu, mutumin da haƙoran aladen daji suka cika masa bango, ya harbi gada a taku ashirin, dalmar ta faɗi gabanta kamar an jefa tsakuwa. Fita ta gaba ya ƙara albarushi, bindigar ta hankaɗe shi, ya dawo kafaɗa a kumbure. Ya gwada ƙaramar dalma. Ya koma babba. Ya yini a tsakar gida yana ta jujjuya 'yan bututun gorar da yake ratayawa cike da awon albarushi, yanzu duk fanko.

"Yaya, yau ma iska ka harbo mana?" in ji ƙaninsa Biung, da ya leƙo gidan da wasu maza. "Ku ɗora tukunya, za mu ci ƙara!"

Aka kwashe da dariya. Savi na bakin murhu, ta sunkuyar da kai har dankalin ya ƙone.

Ranar bikin harbin kunne, babban bikin maharba na shekara, da maza suka zauna da'ira kowa na kirarin abin da ya kashe, Dahu ya zauna can baya, ko giyar geron bai karɓa ba. Nan tsoho Vilian ya yanke magana: hannun mace ya hau bindigar nan, kuma ba mai sake hawa dutse da Dahu sai an san ko wace ce. Ido ya koma kan Abus, maƙwabciyar su Dahu mai kawo musu abinci. Washegari mijinta ya hana ta fita, mata suka daina amsa gaisuwarta.

Kwana uku Savi na jin kukan Abus ta bayan katanga. A na huɗu da safe ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ba Abus ba ce. Ni ce. Bindigar ce za ta faɗi na tare. Ni na ɓata maka suna, ka kai ni gaban tsofaffi."

Ta runtse ido tana jiran tsawa. Da ta ɗago, sai ta ga shi ne ya kasa kallon ta, kunnuwansa sun yi ja.

"Tashi, 'yata. Ni zan je gaban tsofaffin, ba ke ba."

"Amma Baba, na taɓa ta fa."

Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa: "Shekara ashirin da biyu innarki ce ke auna min albarushi, ita ke zaɓar dalma, ita ke ɗura bindigar nan da hannunta. Ni jan kunama kawai na iya."