Laujen Ƙofar Ɗaki

Ranar da aka sako ruwa a kanal ɗin ban ruwa na Kadawa, kwananta ashirin cikin takaba, ba halin fita. Irin shinkafar da mijinta ya yafa kafin ya kwanta ciwo ya isa dashe. In ya ƙara mako guda zai tsufa, noman bana ya wuce su ke nan.

Ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau biyu, ta dawo ta tsaya gaban laujen da ke rataye a ƙofar ɗaki. Haka marigayin yake yi: tun kafin dashe sai ya rataye lauje, kullum da safe ya taɓa shi ya ce, "Da yardar Allah na yanke shinkafata." A lokacin dariya take yi masa.

Yanzu ita ke faɗar haka, da ƙarfi.

"Inna, baki ba ya dashe," in ji 'yarta.

"Ubanki ma da baki yake farawa."

Kwana shida tana faɗa. A na bakwai, da la'asar, maƙwabciyarta ta yi sallama, taɓo har gwiwa, mata huɗu a bayanta.

"Baiwar Allah, kin hana mu sakat. Kullum ta katanga muke jiyo ki, kamar shi ne bai tafi ba." Ta goge hannu a zani. "Mun dashe gonar kaf. Ki bar laujen a wurinsa."