Wadda Ke Ɗanɗana wa Awaɗif Gishiri

Kullum da safe, kafin a ɗaga ƙofar shago, Bahiyya kan shigo ta baya, ta tsoma cokali cikin durom ɗin turshi, ta kurɓa, ta ce a ƙara gishiri ko a bar shi haka. Daga nan sai su zauna shan shayi ita da Awaɗif, suna gulmar rabin mutanen Mansura, garinsu a Masar.

Awaɗif ce mai shagon. Lemun tsami da karas da zaitun da barkono take tsumawa cikin ruwan gishiri, kuma a unguwar da wuya a ci wake da burodi babu turshinta a gefe. Sai dai tun wata muguwar mura da ta kwantar da ita, harshenta ya mutu. Zuma da toka duk ɗaya suke a bakinta. Mai irin wannan sana'a ba ta fatan a ji haka, don haka Bahiyya kaɗai ta gaya wa, aminiyarta tun suna 'yan mata. Ko 'yarta Shuruƙ ba ta gaya mata ba, duk da yarinyar ta sha ture kwanon miya a gida tana kallon uwar da wutsiyar ido.

Shuruƙ ce ta kawo zancen bidiyo. Ta gama jami'a, aiki ya ƙi samuwa, ta ce ita za ta nuna wa duniya shagon nan. Ta ɗauki bidiyon hannun uwar yana yanka lemo, ta jera kwalabe a rana, ta sa kiɗa. Aka shafe watanni masu kallo ba su wuce dangi ba, su ma don kunya. Kullum tana mita wai mutanen yanzu ba sa tsayawa kan abin kirki.

Ana nan sai wani ya ɓullo a wurin sharhi, mai kiran kansa Idon Unguwa, ba hoto ba komai. Yau ya ce karas ɗin ya tsufa, gobe ya ce kwalaben ba su ga sabulu ba. Masu sayen Awaɗif suka taso masa, aka shiga cacar baki, 'yan kallo suka fara taruwa kamar ƙuda ya ga kankana. Awaɗif ta ce a goge ɗan banzan. Shuruƙ ta ce a bar shi, gogewa alamar tsoro ce.

Wata Alhamis Shuruƙ ta sauko daga bene da waya a hannu, ta karanta wa uwar sabon saƙonsa. Cewa ya yi a tambayi mai turshi yaushe rabonta da jin ɗanɗanon abin da take sayarwa.

Awaɗif ta zauna kan buhun gishiri.

Washegari Bahiyya ta shigo kamar kullum, ta miƙa hannu.

"Ajiye cokalin nan."

"Lafiya, Umm Shuruƙ? Ko mafarkina kika yi?"

"Ke kaɗai na gaya wa, Bahiyya. Na ba ki amanar bakina, kika kai kasuwa."

Bahiyya ta rantse har muryarta ta dushe, ta ce ita da ko lambar ɗanta sai an danna mata, ina ita ina rubutu a waya. Awaɗif ta ce ai tana da jikoki, kuma kowa ya san surukinta ya buɗe rumfar turshi a bakin tasha. Bahiyya ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa, sannan ta juyo.

"Durom na uku yana son gishiri," in ji ta, ta fita.

A ranar Shuruƙ ta lallaɓa uwar ta tsaya gaban waya ta yi wa maƙiyi raddi. Awaɗif ta fara da faɗa, ta ƙare da kuka, ta faɗi komai game da harshenta. Bidiyon ya karaɗe gari. Aka yi ta kira daga Alƙahira da Iskandariyya, masu kai saƙo a babur suka yi layi a ƙofar shago. Shuruƙ ta rungume ta tana cewa, "Mama, kin gani? Yanzu an san mu."

An san su, amma turshin ya fara tafiya yadda ya ga dama. Shuruƙ ta karɓi aikin ɗanɗanawa, alhali harshenta bai san bambancin tsami da ruɓa ba. Tsofaffin masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ce komai ba. Awaɗif ta koma shan shayi ita kaɗai, baƙin ciki na cinta. Sun haɗu da Bahiyya a gidan gaisuwar mutuwa, Awaɗif ta kau da kai, ta koma gida ta yi kuka.

Idon Unguwa ya yi shiru na wani lokaci. Da masu kallo suka ragu, sai ga shi ya dawo, yana tambaya wa ke ɗanɗana wa mai turshi yanzu da ta kori tsohuwar.

Wannan karon Awaɗif ta rantse da hannunta za ta ba shi amsa. Wayarta ta kira ce kawai, amma da azahar Shuruƙ ta fita sallamar mai babur, ta bar tata a buɗe kan kanta. Awaɗif ta goge hannu, ta sa tabarau, ta nemo bidiyon. Da yatsa ɗaya ta rubuta: Bahiyya, Allah ya isa tsakanina da ke.

Ta danna. Rubutun ya fito a ƙasa, kuma sunan da wayar 'yarta ta liƙa masa shi ne Idon Unguwa.